Ranar da Aka Fara Shan Magani: Tunzurin Ƙwayoyin Garkuwar Jiki da Abin da Lokaci Ke Tonawa

Tsakure

Wannan takarda ta dubi cututtukan da ke tasowa idan ƙwayoyin garkuwar jiki suka tunzura suka wuce gona da iri, musamman waɗanda magani ke tayarwa. Ta bi su bisa tazarar da ke tsakanin fara magani da bayyanar alama, tun daga mintuna har zuwa mako 8, domin kowace tazara tana nuna ƙwayar da ta tashi. Matsayin takardar shi ne cewa a asibitocinmu, inda zazzaɓi ke nufin maleriya ko taifot kafin komai, tambayar ranar da aka fara magani ta fi gwaje-gwaje da yawa saurin kai likita ga gaskiya, kuma ita aka fi tsallakewa.

Gabatarwa



Zan fara da wani hoto da duk wanda ya yi aiki a ɗakin kwanciya zai gane. Saurayi ne mai farfaɗiya, an ɗora shi a kan kabamazefin, wanda aka fi sani da Tegretol, an kuma ja masa kunne kada ya fasa sha ko da na rana ɗaya. Bayan mako 3 sai zazzaɓi, da ciwon maƙogwaro, idanu suka yi ja. Ya je kemis, aka haɗa masa na maleriya da Septrin da na ciwon jiki. Kwana biyu sai ƙuraje, 'yan gida suka ce ƙyanda ce. Da leɓɓa suka fara ɗayewa, ya kasa haɗiyar ko yawu, aka kawo shi asibiti. Muka tambaya: me ya sha kafin ƙurajen su fito? Aka nuna mana ledar kemis. Muka ɗora laifin a kan Septrin, muka rubuta a ci gaba da Tegretol don kada ciwonsa ya tashi.

Ɓarawon yana cikin gida, mu kuma mun kama baƙon da ya shigo jiya. Zazzaɓin da ya kai yaron kemis shi ne farkon cutar, kuma maganin da ya kunna ta ya riga ya yi mako 3 a jikinsa. Tambayar da muka yi ce ba ta kai ba.

Kalmar ƙwaya a nan tana nufin ta halitta, ba wadda ake sha ba. Guda uku ne za su riƙa dawowa: ƙwayar mas, wadda ke zaune a fata da hanyar numfashi da hanji, ƙwayar T, wadda ke tantance na gida da baƙo, da makurofaj, wadda zan kira mahaɗiya, domin aikinta haɗiye ƙwayoyin cuta da gawar ƙwayoyin jiki.

Mintuna: ƙwayar mas

Paul Ehrlich ne ya bayyana ƙwayar mas a 1878. Cike take da ƙunshe-ƙunshen histamin da tiriftes da wasu sinadarai, kuma tana iya zazzage su duka cikin daƙiƙoƙi. Idan abin ya tsaya a fata, shi ne borin jini. Idan ya game jiki, jijiyoyi su saki, bugun jini ya faɗi, maƙogwaro ya kumbura, shi ne anafilaksis, wanda Portier da Richet suka sanya wa suna a 1902.

An daɗe ana koyar da cewa sai jiki ya taɓa haɗuwa da magani, ya ƙera masa makamin IgE, sannan haɗuwa ta biyu ta zo da bori. Haka yake ga fenisilin. Amma a 2015 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka nuna cewa ƙwayar mas tana da wata ƙofa, MRGPRX2, wadda wasu magunguna ke bugawa kai tsaye ba tare da IgE ba. Cikinsu akwai dangin siforofuloksasin da wasu magungunan sakar da tsoka na ɗakin tiyata. Saboda haka “bai taɓa shan sa ba” ba kariya ba ce. (Ƙaiƙayin kulorokwin da yawancinmu muka sha a yarinta daban yake: jijiyar ji da ke fata yake taɓawa ta wata ƙofa 'yar uwar wannan, shi ya sa Piriton bai cika kashe shi ba.)

Inda wannan ya fi shafar mu shi ne makarin dafin maciji. Furotin ne da aka ciro daga jinin doki ko tunkiya, ana zuba shi da yawa a jijiya, kuma yakan tayar da bori a karon farko. Ma'aikatan asibitin Kaltungo, da suke karɓar waɗanda kububuwa ta sara, sun san wannan hannu da hannu. Wani gwaji da aka yi a Siri Lanka kan mutum 1,007, aka buga a 2011, ya nuna cewa ɗan adirenalin a ƙarƙashin fata kafin a saka makari ya rage mummunan bori da kashi 43 cikin 100 a awar farko, alhali haidurokotizon da furometazin ba su rage ba. Darasin ya wuce batun maciji. Har yanzu hannunmu ya fi saurin kaiwa ga haidurokotizon idan majiyyaci ya faɗi, alhali maganin anafilaksis shi ne adirenalin, miligiram 0.5 ga babba, a tsokar cinya, a maimaita bayan minti 5 idan bai farfaɗo ba.

Awanni: ambaliyar saitokin

A ranar 13 ga Maris, 2006, a asibitin Northwick Park da ke Landan, aka yi wa maza 6 masu ƙoshin lafiya allurar wani sabon magani, TGN1412, wanda aka ƙera don ya tayar da ƙwayoyin T ta ƙofar CD28. Abin da aka ba su ya yi ƙasa sau 500 da wanda birai suka ɗauka lafiya. Cikin minti 90 suka kamu da ciwon kai da amai da zazzaɓi, bugun jininsu ya faɗi, kafin gari ya waye huhu da ƙoda sun fara gazawa. Duka sun rayu, amma bayan jinya a sashen kulawa ta musamman. Daga baya aka gano cewa irin ƙwayoyin T da suka yi wannan ɓarna a jikin mutum ba su ɗauke da CD28 a jikin biran gwajin.

Saitokin saƙo ne da ƙwayoyin garkuwa ke aika wa juna, kuma abin da ya faru a Landan shi ne kowa ya yi yekuwa a lokaci guda. Irin wannan ambaliya ita ce babbar illar maganin kansar jini na CAR-T, kuma a 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da tosilizumab, mai toshe saƙon IL-6, don kwantar da ita. Waɗannan magunguna ba su zama ruwan dare a wajenmu ba, don haka ba zan daɗe a nan ba. Na kawo labarin ne domin ya nuna abu ɗaya ƙarara: mutum zai iya zama tamkar mai gubar ƙwayar cuta a jini, da zazzaɓi da faɗuwar jini da gazawar gaɓɓai, alhali babu ƙwayar cuta ko ɗaya a jikinsa.

Kwana 4 zuwa 28: lokacin da fata ke saɓulewa

Nan ne saurayinmu yake. Stevens da Johnson, likitocin yara a Amurka, sun bayyana yara maza 2 masu wannan ciwo a 1922, Alan Lyell kuma ya bayyana mafi munin nau'insa a 1956. Yau an san cuta ɗaya ce, faɗin fatar da ta saɓule ne ya bambanta su: ƙasa da kashi 10 cikin 100 na jiki ciwon Stevens da Johnson ne, sama da kashi 30 na Lyell ne, tsakiya kuma haɗaka. A nau'in Lyell, kusan mutum 1 cikin 3 ko 4 yakan rasu.

Dalilin jinkirin shi ne ƙwayoyin T masu kisa sai sun gane maganin, sun hayayyafa, sannan su taru a fata. Idan sun taru sai su saki wani sinadari, giranulaisin, wanda Chung da abokan aikinsa na Taiwan suka nuna a 2008 cewa shi ne babban mai kashe ƙwayoyin saman fata. Wannan shiri yana cin kwanaki. Maganin da aka fara jiya bai samu lokacin yin haka ba, sai fa idan mutum ya taɓa shan sa ya yi masa illa. Wanda aka yi shekara ana sha lafiya shi ma da wuya ya zama mai laifi.

Masu laifin ba su da yawa, kuma yawancinsu muna rubuta su kullum: dangin salfa, wato Septrin da Fansidar, magungunan farfaɗiya, wato kabamazefin da fenitoyin da fenobabiton da lamotirijin, alofurinol, nebirafin, wasu magungunan ciwon gaɓɓai irin su firoksikam, da magungunan tarin fuka. Binciken Saka da abokan aikinsa na 2013, wanda ya tattara majiyyata 177 daga Benin da Burkina Faso da Afirka ta Tsakiya da Togo, ya sami dangin salfa a gaba, nebirafin na biye, kuma fiye da rabin waɗanda aka yi wa gwajin ƙanjamau suna ɗauke da ita. Wannan alaƙa tsohuwa ce. A 1991 rahoto daga Nairobi ya nuna yadda tayasetazon, maganin tarin fuka mai araha na wancan zamani, yake ɗaye fatar masu ƙanjamau, har aka daina ba su. Abin mamaki ne cewa cutar da ke karya garkuwa ita ce ke ƙara haɗarin tunzurinta, amma ƙanjamau ba ya rage sojoji kawai, har da masu tsawata musu. Komawar da aka yi daga nebirafin zuwa dolutegirabir ta kawar da babban mai laifi guda daga asibitocin masu wannan cuta.

Fansidar yana buƙatar magana ta daban, domin muna ba mata masu juna biyu a wajen awo, muna kuma raba shi tare da amodayakwin ga yara 'yan wata 3 zuwa 59 a duk damina, bisa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2012. Mummunar illa a wannan shiri ba kasafai take faruwa ba, kuma rayukan da yake ceta suna da yawa ƙwarai. Ba na so a ce na yi suka ga rigakafin. Abin da nake nema shi ne mai rabo gida-gida ya yi tambayoyin da ƙa'idar shirin ta riga ta tanada: ko yaron yana shan Septrin, ko kuma maganin watan jiya ya fito masa da ƙuraje. Salfadoksin yakan yi fiye da mako kafin rabinsa ya bar jiki, don haka idan ya tayar da cuta ba a iya janye shi.

Akwai kuma gado. Ƙwayar T tana ganin magani ne a kan wani faranti da ake kira HLA, kuma siffar farantin gado ce. A 2004 aka gano a Taiwan cewa HLA-B*15:02 yana da alaƙa mai ƙarfi da illar kabamazefin ga Sinawa 'yan Han, a 2005 kuma HLA-B*58:01 da alofurinol. Gwajin HLA-B*57:01 kafin ba da abakabir ya kusa kawar da illarsa a inda ake yin sa. A Malawi, Carr da abokan aikinsa sun danganta HLA-C*04:01 da illar nebirafin a 2013. Farantin da ke da haɗari a Asiya ba lallai ne ya zama shi ne namu ba, shi ya sa sayo gwajin wata al'umma ba zai wadatar ba. Amma akwai gwajin gado da ba ya cin ko kwabo: a tambaya ko wani a gidan ya taɓa samun irin wannan da wannan magani.

Wata matsalar kuma ta ido ce. Yawancin hotunan littattafan da muka karanta na farar fata ne, suna cewa a nemi ja. A baƙar fata ja ba ya fitowa haka, sai dai duhu-duhu ko launin toka mai ɗan shuni. Abin dogaro shi ne zafin fata, wanda majiyyaci kan ce kamar an watsa masa tafasasshen ruwa, da gyambo a wuri biyu ko fiye cikin baki da ido da al'aura, da fatar da ke zamewa idan an murza ta da yatsa. Ƙyanda ba ta yin haka, kuma ƙyanda a jikin babba mai shan sabon magani abin tuhuma ce.

Garcia-Doval da abokan aikinsa sun nuna a 2000 cewa saurin dakatar da mai laifi yana rage mutuwa. Sauran jinya irin ta ƙuna ce: ɗaki mai ɗumi, ruwa da abinci, tsabtar gyambo, ba tare da man salfa ba idan salfa ake zargi. Masana sun rabu a kan sitiroyid da saikulosforin, amma ba su rabu a kan ido ba. Wanda ya tsira da ransa zai iya rasa ganinsa idan ba a duba idon kullum tun ranar farko, a hana fatar ido mannewa. Mata kuma a duba al'aura, domin kunya takan sa a yi shiru har wurin ya haɗe. Game da saurayinmu, a guji maye gurbin kabamazefin da fenitoyin ko fenobabiton, domin 'yan ɗaki ɗaya ne, ƙwayar T da ta tsani ɗaya takan tsani sauran.

Mako 2 zuwa 8: ciwon da ya fi iya ɓuya

Wannan rukuni yana da tarihi a Nijeriya. A Uzuakoli, cikin Jihar Abiya ta yau, John Lowe ya jagoranci amfani da dafson na sha wajen maganin kuturta, kuma a wajajen 1950 ya ba da rahoton majiyyatan da ke kamuwa da zazzaɓi da ƙuraje da kaluluwa da shawara makonni bayan sun fara. Allday da Barnes suka kira shi ciwon dafson a 1951. A 1996 Bocquet da Bagot da Roujeau a Faransa suka tattara irin waɗannan a ƙarƙashin suna ɗaya, DRESS.

Fatar ba ta saɓulewa kamar na baya, sai fuska ta kumbura, ƙuraje su game jiki, fararen ƙwayoyin jini na iyosinofil su ƙaru, hanta ta kamu, wani lokaci ƙoda ko huhu ko zuciya. Masu bincike a Japan sun nuna cewa wasu bairos na dangin hafis da ke kwance a jiki tun yarinta, musamman HHV-6, sukan farka a tsakiyar ciwon, abin da ke taimakawa wajen fahimtar yadda yake sake tashi makonni bayan an daina maganin. Mai zazzaɓi da shawara a wajenmu za a ce ciwon hanta ne na bairos, ko taifot, a lokacin Lassa ma a killace shi. Duka tunani ne mai kyau, a yi gwajinsu. Amma ƙidayar jini ta yau da kullum tana nuna iyosinofil, kuma sau nawa muke duba wannan layi? Mukan duba yawan jini da jimillar farare mu ajiye takarda.

Mai shan maganin tarin fuka ya fi kowa wahalar sha'ani, domin magani 4 ne a dunƙule guda, kuma ba a iya barin tarin babu magani. Likitocin Kef Tawun a Afirka ta Kudu sun yi aiki mai yawa a kan dakatar da duka, a jira jiki ya lafa, sannan a dawo da su ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin kulawa har a gane mai laifi. Idan gaɓɓan ciki sun kamu ana ba da sitiroyid, a janye shi sannu a hankali cikin makonni. Mai saurin janyewa zai sake ganin majiyyacinsa.

Mahaɗiya idan ta juyo gida

A jiki mai lafiya, ƙwayoyin T masu kisa da 'yan uwansu na NK sukan kashe ƙwayar da ta kamu da cuta, da haka kiran yaƙi yake yankewa. Idan kisan ya gaza, kiran ba ya tsayawa, saƙon intaferon gama ya yi ta zuba, mahaɗiya ta haukace ta shiga cin jajayen ƙwayoyin jini da farare da masu daskarar da jini a cikin ɓargo da saifa. Wannan shi ne HLH. Farquhar da Claireaux sun bayyana nau'in gado a jarirai a 1952, a 1999 kuma aka gano lahani a furotin fafforin, wanda ƙwayoyin kisa ke huda abokin gaba da shi. A manya yawanci wani abu ne ke kunna shi: bairos na EBV, kansar kaluluwa, ƙanjamau, tarin fuka, cututtukan gaɓɓai na garkuwa, da magani. A Afrilun 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan lamotirijin bayan rahoton mutum 8 da alamunsu suka fara tsakanin kwana 8 zuwa 24. DRESS ma yakan zarce zuwa nan.

Ma'aunin HLH-2004 yana neman 5 cikin sharuɗɗa 8, kuma da dama cikinsu muna iya dubawa: zazzaɓi, kumburin saifa, raguwar aƙalla layi 2 na ƙwayoyin jini, hauhawar kitsen tiraigilisaraid ko faɗuwar fibirinojin, feritin daga 500 zuwa sama, da ganin mahaɗiya tana cin ƙwayoyi a ɓargo. Sai dai a yi hattara. Zazzaɓi da saifa da ƙarancin jini su ne fuskar maleriya, kuma mai sikila da aka sha ƙara wa jini feritinsa a sama yake dama. Alkibla ta fi lamba guda amfani: feritin yana hawa ta dubbai, ƙwayoyin daskarar da jini suna sauka kullum, gwajin ESR yana faɗuwa alhali majiyyaci yana ƙara tsanani. Wannan faɗuwa ba sauƙi ba ce, fibirinojin ne ke ƙarewa. Ga abokan aikinmu na Gadarif a Sudan, inda Hausawa da yawa ke zaune, a fara neman kala-azar, domin HLH da ita ta kunna yakan lafa da amfoterisin, ba sai an kai ga etofosaid ba.

Kusa da wannan akwai tunzurin da ke biyo bayan fara maganin ƙanjamau, lokacin da garkuwar da ta farfaɗo ta auka wa tarin fuka ko wata cutar da ta tarar. A nan yawanci ba a dakatar da magani, sai dai a zaɓi lokacin farawa. Gwajin COAT na 2014, a Yuganda da Afirka ta Kudu, ya nuna cewa gaggawar farawa ga masu sanƙarau na kiriftokokus tana ƙara mutuwa, shi ya sa ake jinkirta mako 4 zuwa 6.

A gefen gado

Abin da nake roƙo ƙarami ne. Duk mai zazzaɓi da ƙuraje, ko zazzaɓin da ya ƙi jin magani, a ja layi a takardarsa, a koma baya wata 2, a jera kowane magani da ranar fara shi. A ce wa 'yan uwa su kawo ledar gaba ɗaya, har da na kemis da na asibitin da aka fara zuwa da na gargajiya, domin mutanenmu ba su ƙidaya maganin da suke sha kullum a cikin “abin da na sha”. Idan ba a tuna kwanan wata ba, a tambaya da ranar kasuwa, ko Juma'a nawa suka wuce, ko kafin salla ne ko bayanta. Tsofaffin mata musamman ba sa kuskure a irin wannan lissafi. Kuma a yi tambayar ba da faɗa ba, domin wanda aka tsare da ido a kan zuwa kemis zai ɓoye rabin labari.

Nijeriya ta shiga shirin sa ido kan illar magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2004, kuma hukumar NAFDAC tana da takardar rahoto mai ruwan ɗorawa da manhajar waya. Cika ta aikin likita ne da nas da mai haɗa magani, ko da zargi ne kawai.

Ranar sallama kuma a ba majiyyaci kati. A rubuta sunan maganin na asali da sunayen kasuwa da ake kiran sa da su a kemis, da 'yan ɗakinsa da ya kamata ya guje wa, da Hausar boko, da ajami ga wanda shi ya fi karantawa. A manna kwalin maganin a jikin katin, a nuna wa wanda ke zuwa sayo masa magani, domin sau da yawa ba shi ne ke zuwa da kansa ba.